Indiyancin da Na Koya a Bakin Gadonki

Sentul, Kuala Lumpur
Ranar Laraba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga 'yata Walida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da ƙawayenki na Bukit Jalil da suka ba ki masauki, Allah Ya saka musu da alheri. Mu ma nan alhamdu lillahi. Zazzaɓin ya sauka, tarin ne kawai ya rage, kuma yau na ji ƙanshin albasa a karon farko tun da cutar nan ta kama ni. Abbanki gwajinsa bai nuna komai ba, amma shi ma an ɗaura masa abin hannun nan na masu zaman killace, yana ta koyar da ɗalibansa na Jalan Semarak ta kwamfuta, da riga mai guga a sama da wandon barci a ƙasa.

Na so a ce ina zaune kusa da ke, ina ninke miki kaya ina faɗa miki waɗannan maganganu, Allah bai nufa ba. Ba zan yarda ki shigo gidan nan ki kwashi korona ki kai wa tsohuwa mai jiran tiyata ba. A waya kuwa na san halinki, ina fara magana za ki ce, "Okay lah, Umma, na gane," alhali ban kai rabi ba. Shi ya sa na rubuta, kuma da Hausa na rubuta da gangan. Ki karanta a cikin jirgi, inda ba ki da wurin gudu.

Ranar da Baffanki Sani ya kira daga Kano ya ce ƙarin da ke cikin kakarki Hajiya sai an kai ta Indiya, kuma dole a sami mace da za ta zauna da ita a asibiti, kin ji yadda wayar ta yi tsit. Ban ga laifin kowa ba. Dukanmu mun ga hotunan da suka riƙa fitowa daga Delhi a watannin baya, mutane kwance a ƙofar asibiti ana nema musu iskar shaƙa. Gwaggonki tana da goyo, matar Baffa tana da tsohon ciki, ni kuma fasfona yana wurin sabunta izinin zama. Sai na ji muryarki daga bayana, da Hausarki mai ɗingishi: "Ni zan je. Ai ni nas ce, kuma sunanta aka sa mini." Abbanki ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Ni kuwa kicin na shiga, don kada ki ga fuskata kanki ya kumbura. Na san aikin da asibitin kuɗin nan suka ba ki, wanda kika ce su jira ki ko su ba wani. Ban ce miki komai ba a ranar, amma yau zan faɗa: tun da na haife ki ban taɓa jin na cika mace ba kamar a wannan yammacin.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Za ki ce likitocin Delhi duk suna jin Turanci. Gaskiya ne. Amma likita tsayuwar ɗan lokaci yake yi a kan marar lafiya ya wuce. Sauran yinin kina hannun mai shara, da mai kawo abinci, da mai tura keken marasa lafiya, da mai gadin ƙofa, da 'yan jinya 'yan uwanki. Waɗannan su ne za su riƙe ki, kuma da yawansu Hindi ne a bakinsu, wanda mu muke kira Indiyanci. Ɗan abin da na sani ba a makaranta na koya ba, a bakin gadonki na tsince shi, kuma kusan kowace kalma sai da na yi tuntuɓe a kanta kafin ta zauna. Zan rubuta su yadda kunnena ya ji su.

Kina da shekara huɗu aka gano hujin da ke zuciyarki, aka ce sai an yi miki aiki a Indiya. Mutum ɗaya aka ce zai raka ki, ke kuma ba kya yarda da hannun kowa sai nawa. Ban taɓa shiga jirgi ba, Turancina na sakandare ne, amma ban ji tsoro ba, saboda wani dalili da zai ba ki dariya. Na taso a Fagge, gidanmu yana manne da shagon mai hayar kaset, ni da yayyena mun kalli fina-finan Indiya har mun haddace maganganunsu. A filin jirgi na dubi Abbanki na ce, "Ka kwantar da hankalinka, ai ina jin yarensu." Ya ce, "Allah Ya sa." Ashe abin da na haddace maganar masoya ce da ta masu ɗaukar fansa. Babu mai cewa a miƙo masa tasa a cikin fim.

A ɗakin yaran da aka kwantar da ke, gadon da ke kusa da namu na wata yarinya ce da kakarta ke jinya. Tsohuwa ce 'yar siririya, kullum cikin farin zane, kowa yana kiranta Dadi, wato kaka ta wajen uba. Washegarin isowarmu na tashi zan nuna gwaninta, na je gabanta na ce, "Tum kaisi ho?" Ina nufin yaya kike. Matan da ke ɗakin suka juyo gaba ɗaya suna kallona, wata ta rufe baki da gefen mayafi. Tsohuwar ba ta ɓata rai ba. Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Aap." Ta nuna ki kina kwance ta ce, "Tum." Ta sake dafa ƙirjinta, "Aap." Daga baya wata nas ta fayyace mini cewa na yi wa sa'ar uwata magana kamar yadda ake yi wa ƙawa ko ƙanwa.

Don haka ki riƙe wannan kafin komai. Suna da hanya uku ta cewa ke ko kai. "Aap" ta girmamawa ce, kamar yadda muke ce wa manya "kun tashi lafiya". "Tum" ta sa'o'i ce da yara. "Tu" kuwa ki bar musu kayansu, ko kin ji ana faɗa. Ki yi wa kowa "aap", har mai wanke banɗaki, musamman ma shi, don ba kowa ne ke yi masa ba. "Aap kaise hain" ga namiji, "aap kaisi hain" ga mace. Sannan akwai wata 'yar kalma, "ji", da ake liƙawa a bayan suna ko amsa. "Han ji", wato na'am. "Ji nahin", a'a cikin ladabi. Ba ta da nauyi a baki, amma za ki ga yadda fuska ke sakewa idan aka ji ta daga baƙuwa. Gaisuwarsu "namaste" ce, Musulminsu kuma sallama za ki yi musu su amsa miki da murna. Zamanin nan da ba a musabaha, ki ɗora hannu a ƙirji, kowa zai gane. Macen da ta ɗan girme ki "didi", namiji "bayya". Kada ki ce wa kowa kin kawo "kaka", don a wurinsu kaka baffa ne, za su yi ta neman tsoho a ɗakin mata. Ki ce "meri dadi".

Wasu kalmomin tarkonsu shi ne kama da namu. Kullum da safe nas tana shigowa tana ta "dawa, dawa". Na ce a raina, ashe su ma suna noma dawa, to ai zan sami abin dama miki kunu, tun da kin ƙi abincin asibitin. Na tambayi Dadi da hannu da baki inda ake sayar da dawa, ta nuna mini ƙasa. Na sauka, na bi inda aka yi ta nuna mini, na tsinci kaina a gaban tagar masu ba da magani. Mutumin ya miƙo hannu yana jiran takarda, ni kuma ina kwatanta masa yadda ake surfe da niƙa. Layi ya taru a bayana. Sai da wani dattijo mai jin Turanci ya tausaya mini ya ce, "'Yata, dawa magani ne." Na hau sama ina dariya ni kaɗai a matattakala. Haka "bas". Mai rabon abinci tana zuba wa Dadi miyar wake, tsohuwa tana cewa "bas, bas", ni kuma ina leƙa taga ina neman motar. Ashe "ya isa" take nufi. "Gari" kuma mota ce. Idan kunnenki ya ji kalma kamar ta gida, kada ki yi saurin murna, ki tambaya tukuna.

Waɗannan na dariya ne. Wanda zan faɗa yanzu ba na dariya ba ne, kuma kin sha jin Abbanki yana cewa an ɗaga aikin zuciyarki sau ɗaya, ga yadda aka yi.

Saboda yawan jefa kalmomin da nake yi, ma'aikatan ɗakin suka ɗauka ina ji sosai, suka daina wahalar da kansu da Turanci a kaina. Ni kuma abin ya yi mini daɗi. Ana gobe za a shiga da ke, da yamma, wata nas ta zo da sauri, marasa lafiya sun yi mata yawa, ta zuba mini magana mai tsawo. Na tsinci "kal", na tsinci "opareshan", sai wata kalma da ta maimaita, "kali pet". Ban san ta ba. Amma matan ɗakin suna kallo, kuma ni ce Bahaushiyar nan mai jin Indiyanci. Sai na gyaɗa kai na ce, "Acca, acca, tik hai." Wato to, to, babu damuwa.

Da safe kika tashi kina kukan yunwa. Ba a kawo miki abin kari ba, na ɗauka mantuwa aka yi. Na haɗa miki shayi da madara, na ba ki biskit, kika ci kika yi shiru. Da masu gadon tura marasa lafiya suka zo, nas ɗin ta hango ɓurɓushin biskit a rigarki, ta tsaya cak. "Kali pet" ciki babu komai ke nan. An soke aikin ranar. Likitan ya zo da kansa, bai ɗaga murya ba, ya tambaye ni da Turanci ko ba a gaya mini ba. Na ce an gaya mini. Ya ce, "To, me ya sa?" Na ce, "Ban gane ba, na ce na gane." Sai ya ce da ba a lura ba aka sa miki maganin barci, abincin zai iya komawa huhunki. Layin masu jiran aiki yana da tsawo, sai da muka jira kusan mako. A cikin kwanakin nan leɓɓanki suka riƙa yin shuɗi idan kin yi kuka, ina zaune ina kallo.

Walida, ga jimlolin da suka fi duk sauran daraja. "Samaj nahin aya", ban gane ba. "Pir se boliye", sake faɗa. "Dire dire boliye", faɗa a hankali. "Angrezi men boliye", faɗa da Turanci. Ki haddace su kafin jirgi ya sauka. Na san ke nas ce, ba za ki ba mai shiga tiyata shayi ba. Naki tarkon daban ne, kuma ya fi nawa zurfi: da zarar sun ji aikinki ke nan, za su riƙa yanke bayani suna cewa ai kin sani. Ke kuma za ki ji nauyin tambaya, kada a ce nas guda ba ta gane ba. Ki tambaya. Duk abin da ya shafi maganin Hajiya, ko abincinta, ko lokacin wani gwaji, ki maimaita wa mai maganar abin da kika fahimta, ya tabbatar miki, sannan ki sallame shi. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, a fuskarki za ta tsaya. Kuskuren a jikin tsohuwa zai sauka.

Ki lura da kansu kuma. Da na je tambayar ko sabuwar ranar da aka sa mana tana nan, mataimakin likitan ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ɗauka a'a ya ce, na dawo ɗaki ina hawaye. Dadi ta bi ba'asi, ta dawo tana dariya, ta kama haɓata tana kaɗa mini kai irin nasu tana cewa, "Han, han." Wannan kaɗa kan yawanci "to" ne, ko "na ji". Idan kina shakka, ki nemi a faɗa da baki.

Ranar da aka shiga da ke, na zauna a benci a ƙofar ɗakin tiyata. Ban san lokacin da Dadi ta baro jikarta ta zo ta zauna kusa da ni ba. Ta kama wuyan hannuna ta ce, "Sabar, beti. Dua karo." Ban buƙaci tafinta ba. Sabar haƙuri ne, dua addu'a, duk daga Larabcin da muka sani, beti kuma 'yata. Ita ba Musulma ba ce, tana jan nata carbin na itace, ina jan nawa. Ta je ta kawo shayi a ɗan kofi ta tsaya a kaina sai da na shanye. Da ƙofa ta buɗe, likitan ya sauke takunkuminsa ya fara bayani da Turanci, kaina ya kasa ɗauka. Sai ya dube ni ya ce, "Sab tik hai." Komai lafiya. Har yau ban ji magana mai daɗin waɗannan kalmomi uku ba a kowane yare. Ina roƙon Allah Ya jiyar da ke su a kan Hajiya. Kuma za ki tarar da kalmomi da yawa da kin riga kin sani, daga Hausa ko daga Malay ɗinki: duniya, sabun, roti, kursi. Ba a cikin duhu za ki fara ba.

Bayan aikin aka ajiye ki a ɗakin kulawa ta musamman a wani bene, ni ma can na tare, ban leƙa tsohon ɗakinmu ba. Kullum ina cewa idan kin farfaɗo sosai zan je in yi wa Dadi godiya ta sosai. Da aka dawo da mu, na tarar da wani yaro a gadon jikarta. Na tambayi mai shara, "Dadi kahan hai?" Wato tana ina. Ta amsa da jimla mai tsawo, na tsinci "kal" da "gar", gida. Na san "kal" gobe ne, don kullum likita yana cewa zai dawo kal. Na ce to, an sauya musu ɗaki, gobe za a sallame su. Na buɗe akwati na fito da sabon mayafin da ban taɓa yafawa ba da kwalbar turaren wuta, na ƙulle a leda. Da safe na yi ta zagaya ɗakuna da ledata. Wata nas ce ta gaya mini da Turanci cewa yarinyar ta warke, sun koma ƙauyensu tun kafin a sauko da mu. A yarensu "kal" jiya ne, kuma shi ne gobe. Ƙarshen jimlar ne ke rarrabewa: "kal gayi", ta tafi jiya, "kal jayegi", za ta tafi gobe. Ni kuwa na kama kalmar da na sani na saki sauran.

Ko sunanta na gaskiya ban sani ba. Darasin biyu ne. Idan aka ce miki "kal" a kan wani gwaji ko ganin likita, ki buɗe kalandar wayarki ki sa a nuna miki ranar da yatsa. "Aj" yau ne, "abi" yanzu. Na biyu, wanda ya yi miki alheri a asibiti ki gode masa a take, kada ki jira sai kin shirya godiya mai kyau. Mutanen asibiti ba sa zama. "Shukriya" ta wadatar, wasu sun fi son "danyabad". Idan kin taka wani ko kin yi kuskure, "maf kijiye".

Akwai wani abin da sai da muka zo garin nan na gane shi. Da muka tare a Sentul na ga Indiyawa ko'ina, na yi murna na ce na sami abokan hira. Na haɗu da Anti Devi maƙwabciyarmu a cikin lif, na gyara murya na ce, "Aap kaisi hain?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita Batamila ce, nata yaren daban ne, wannan yaren a talabijin kawai take jinsa kamar yadda nake ji, sannan ta tambaye ni da Malay ko na makan, wato ko na ci abinci. Kin san yadda muka zama daga baya, yanzu ma ita ke rataya mana abincin mamak, na shagunan Indiyawa Musulmi, a hannun ƙofa ta buga ta gudu. Indiya ƙasa ce mai yaruka da yawa. A asibitin da na zauna, nas da yawa 'yan kudu ne, Hindi a wurinsu ma koyo ne, sun fi sakewa da Turanci. Don haka kada ki afka wa kowa da shi. Ki saurari abin da mutum ke yi da abokan aikinsa tukuna.

Sauran kalmomin na aikin yau da kullum ne, ki bi su a hankali. "Pani" ruwa, "garam pani" ruwan zafi, za ki nema kullum saboda alwalar Hajiya, ba ta taɓa ruwan sanyi. "Dard" ciwo. "Madad kijiye", a taimaka. "Jaldi aiye", a zo da sauri, kuma wannan kada ki faɗe ta sai da dalili, don ranar da kike buƙatarta a ruga. Wanda ya fi damuna shi ne shayi. Mutanen nan da sukari suke dafa shi tun a tukunya, kuma za su miƙo wa Hajiya don girmamawa, ita kuma ba za ta ƙi ba, kin san ta da zaƙi duk da ciwon sukarinta. "Bina cini", ban da sukari. Ki faɗa wa mai kawo abinci tun ranar farko, ki sake faɗa idan an sauya ma'aikaci. "Namak kam", a rage gishiri. "Mirci kam", a rage barkono, ko da yake wannan don ke ce, Hajiya za ta ce ma bai ji ba. Nama kada ku ci sai kin tabbatar da yankan, kayan lambunsu da wakensu sun isa su riƙe ku. Ki koya wa Hajiya guda uku ta riƙe da kanta saboda lokacin da kika shiga wanka: pani, dard, da bas. Idan za ki shiga keke mai ƙafa uku zuwa masauki, "sida" miƙe, "dayen" dama, "bayen" hagu, "yahan rukiye" tsaya nan. Ki yi duk fitarki da rana, kuma Baffanki ya san inda kika nufa. Takunkumi kada ya bar fuskarki a cikin asibiti, ko kin ga wasu sun sauke nasu. Ke da kika yi watanni kina aikin sa kai a wurin allurar rigakafi ba sai na tuna miki ba, amma uwa ce ni, sai na faɗa.

Yaren da zai fi ba ki aiki kuwa ba Hindi ba ne. Hajiya ba ta jin komai sai Hausa. A ƙasar da ba ta san kowa ba, bakinki ne kunnenta, ke ce kuma bakinta. Ki ajiye "lah" da "boleh" ɗinki na Malay a filin jirgin nan, za ki tarar da su idan kin dawo. Idan kalma ta ɓace miki ki kwatanta, za ta yi miki dariya ta gyara miki, wannan ma magani ne a gare ta. Ki durƙusa ki gaishe ta kowace safiya ko da a ɗaki ɗaya kuka kwana. Abin da likita ya faɗa ki isar mata da gaskiya, cikin taushi, kada ki rage don tausayi. Mace ce da ta binne miji ta riƙe 'ya'ya ita kaɗai, ta fi ƙarfin a ɓoye mata labarin jikinta. Abin da ta faɗa kuma ki isar wa likita yadda yake. Idan ta ce "da sauƙi", ki dubi fuskarta, don ko tana cizon leɓe haka za ta ce. Ke ma ki ci abinci, ki yi barci idan ta yi, ki kira ni ko ba ki da labari.

Jiya bayan la'asar Hajiya ta sa Baffanki ya kira ni. Na ɗauka jikina za ta tambaya. Ta tambaya, sannan ta ce duk wanda ya shigo duba ta sai ta gaya masa takwararta ce za ta taso tun daga Malesiya ta yi jinyarta, har maƙwabta sun gaji da ji. Can ta ce, "Kin yi tarbiyya." Kin san kakarki, tun da aka kai ni gidan su Abbanki ban taɓa jin ta yabi mutum a gabansa ba, ko miya ce ta yi daɗi sai dai ta nemi ƙari. Na ce, "Ai ƙoƙarin Abbanta ne, Hajiya." Ta ce, "Ni na haifi Abbanta, na san iyakar ƙoƙarinsa. Ke nake wa magana." Na riƙe wayar ina tari ina kuka, Abbanki yana tsaye a ƙofar ɗaki yana tambayar me aka ce a kansa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da Hajiya da Baffanki cikin aminci. Allah Ya tsare ki daga annobar nan da duk abin ƙi, na sarari da na ɓoye. Ya sanya albarka a hannunki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa a yi aikin a sa'a, Ya dawo mana da ku kuna tafiya da ƙafafunku. Na yafe miki duk abin da kika taɓa yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, kuma na sa miki albarka duniya da lahira. Abbanki yana gaishe ki, ya ce ki duba fasfonki da takardar gwajinki kafin ki fita daga gida.

Na bar ki a hannun Allah, wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Umma